Babi na Biyar: 'Yan Kallo ko 'Yan Biki?

Me zai sa mutum ya ciro kuɗinsa ya sayi tikitin fim ɗin da ya riga ya san ƙarshensa tun daga hoton tallarsa? Ga ango, ga amarya, ga dangi sun jeru a bayansu, kowa ya ci ado. Ko yaro ya san abin da zai biyo baya: za a sami tangarɗa ana tsakiyar shagali, amarya ta yi fushi, ango ya bi ta da ban haƙuri, a ƙarshe a shirya a taka rawa. Duk da haka sai ka tarar layi ya miƙe, wasu ma kallo na biyu suka dawo yi, sun jawo ƙannensu da iyayensu mata.

Akwai kuma tambayar da ke biye da wannan. Mutum biyu za su fito daga ɗaki ɗaya, sun zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana share hawayen dariya, ɗayan yana cewa ba a ba shi labarin komai ba, sutura da motoci kawai aka nuna masa. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Kuma me kowannensu ya shiga nema tun farko?

Maimakon mu yi ta kewaye-kewaye, bari mu ɗauki fim guda wanda 'yan Najeriya suka yi ta musu a kansa, mu bi ra'ayoyin da aka yi masa ɗaya bayan ɗaya.

Fim ɗin da ya cika sinima

Sunansa The Wedding Party. Kemi Adetiba ce ta ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinta na farko, don kafin nan an fi saninta da shirya wa mawaƙa bidiyo. Kamfanoni huɗu suka haɗa ƙarfi a kansa: EbonyLife Films na Mo Abudu, da FilmOne, da Inkblot, da Koga Studios. An fara nuna shi a bikin fina-finai na birnin Toronto a Kanada cikin watan Satumba na 2016, sannan ya shiga sinimomin Najeriya a watan Disamba na shekarar. Kafin a sauke shi ya tara sama da naira miliyan 450, abin da wani fim ɗin gida bai taɓa yi ba a sinima. Haka ya riƙe kambin har farkon 2021, lokacin da Omo Ghetto: The Saga na Funke Akindele ya ture shi.

Sai an tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin kafin a gane girman wannan kuɗi. A farkon 2016 farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo ƙasa da dala 30. Tattalin arziki ya shiga karaya, hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin 100 a ƙarshen shekara, dala kuma ta doshi naira 500 a kasuwar bayan fage. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 18,000 ne. A irin wannan shekara ce mutane suka yi tururuwa don kallon bikin masu kuɗi.

Labarin yini ɗaya

Komai cikin yini ɗaya ya faru, a Legas. Dunni Coker, 'ya ɗaya tilo a gidan wasu Yarabawa masu hali, za ta auri Dozie Onwuka, ɗan wani attajirin Igbo. Adesua Etomi ce ta fito a amarya, mawaƙi Banky W ya fito a ango. Uwar ango, Obianuju, gani take ɗanta ya fi ƙarfin yarinyar, kuma ba ta ɓoye hakan ko a fuska. Uwar amarya, Tinuade, ba ta ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra, ga shi tun da sassafe ta buɗe jarida ta ga an buga sanarwar bikin 'yarta babu sunanta a ciki.

A gefe guda ga Rosie, tsohuwar budurwar ango, ta sha alwashin bikin ba zai ƙare lafiya ba. Ga mai tsara biki tana ta kai-kawo, kowane ɓangare yana ba ta umarnin da ya saɓa wa na ɗayan. Ana cikin liyafa babban abokin ango ya yi kuskure, ya saka wa jama'a bidiyon sharholiyar da abokai suka shirya wa ango a daren jajibiri, Rosie kuwa tana ciki. Amarya ta tattara rigarta ta fice. Ango da mutanensa suka bazama nemanta, su kuma iyaye huɗu suka faɗa hannun wani ɓarawo da ya shigo cikin 'yan biki, ya ritsa su da bindiga a ɗakin da aka tara kyaututtuka. A nan asirai suka tonu, aka faɗa wa juna gaskiya, aka sasanta. Ango ya samo amaryarsa a bakin teku, ya rantse mata babu abin da ya shiga tsakaninsa da Rosie, suka dawo aka ci gaba da rawa.

Shi ke nan labarin. Wanda ya ce bai taka kara ya karya ba, bai yi ƙarya ba.

A nan kowa gwani ne

Idan ka shiga kallon fim ɗin 'yan leƙen asiri ko na masu zuwa duniyar wata, duk abin da aka nuna maka sai ka karɓa, domin ba ka da abin da za ka gwada shi da shi. Ba ka taɓa zama a wurin ba. Fim ɗin biki kuwa ya sha bamban. Babu wanda zai zauna a kujerar sinima bai taɓa zuwa biki ba. Ya taɓa yin anko, ya taɓa zama yana kallon faranti yana wuce shi zuwa teburin manya, ya taɓa ganin gwaggon da ta yi yaji saboda ba a gaishe ta yadda ya kamata ba. Ya shigo da iliminsa cikakke.

Saboda haka mai kallon irin wannan fim ɗan biki ne da aka ba shi kujera mai kyau. Abin da ɗan biki ke dubawa shi yake dubawa: wa ya fi wa ado, wane ɓangare ya fi cika fili, abinci ya kai ko bai kai ba, wa ya yi abin kunya. Ɗan biki ba ya zuwa don ya ji ko za a ɗaura aure ko za a fasa, ya san za a ɗaura. Yadda za a yi shagalin ne ya kawo shi, da abin da zai samu na ba da labari idan ya koma gida.

Wannan ne ya sa yabon da aka fi yi wa fim ɗin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Da wuya ka ji an ce labarin ya yi zurfi. Abin da za ka ji shi ne: "Wallahi haka innata take." Ko kuma: "Kamar a bikin yayata aka ɗauka." Mutane sun ga abin da suka sani an ɗaga shi a babban allo, da haske mai kyau da sauti mai kyau, ba a yi masa kwaskwarimar da za ta mayar da shi bikin Turawa ba. Wannan jin daɗi ne na gaske, kuma a ganina masu sharhin da suka raina shi ba su yi wa 'yan kallo adalci ba. Gane kanka a cikin fim ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka tashi suna kallon bukukuwan wasu ƙasashe.

Ranar uwar amarya

Ka tambayi duk wanda ya ga fim ɗin abin da ya fi tunawa. Zai yi wuya ya fara da ango ko amarya. Sunan da zai fara fitowa shi ne Sola Sobowale, wadda ta fito a Tinuade. Tsofaffin masu kallon talabijin sun san ta tun zamanin Toyin Tomato a cikin shirin Super Story, sai ta yi shekaru a Ingila aka ɗan daina ganinta. Wannan fim ne ya dawo da ita gaban jama'a, har Kemi Adetiba ta sake ɗaukarta ta ja ragamar King of Boys a 2018.

Wurare biyu sun isa su nuna dalili. Na farko shigowar iyaye ɗakin liyafa. Tun a bakin ƙofa aka fara ja-in-ja kan wane gida zai riga shiga, don a irin wannan taro wanda ya riga shiga shi aka girmama. Da lokacin Tinuade ya yi, sai ta shigo da gayyarta, ɗaurin gwaggwaro ya tashi sama, kiɗa yana tashi, tana rawa da dukan jikinta, fuskarta tana faɗa wa kowa cewa yau ranarta ce kuma ba ta ci bashin kowa ba. Obianuju kuwa, wadda Ireti Doyle ta fito a matsayinta, a tsaye take ƙyam, leɓe a matse, ido yana auna kowa daga sama zuwa ƙasa. Ba sai an yi magana ba. Duk wanda ya taɓa ganin surukai biyu da ba sa ga-maciji sun haɗu a fili ɗaya ya fahimci komai.

Na biyu batun abinci. An shirya wa baƙi girkin Turawa, ɗan kaɗan a tsakiyar faranti an yi masa ado. Tinuade ba ta yarda da wannan tsari ba, sai ta kawo tata mai girkin, Iya Michael, da tukwanen amala. Nan take baƙin da suka sha leshi da gwala-gwalai suka juya wa abincin gayu baya, kowa yana miƙa hannu a zuba masa amala. Sinima kan ɗauki dariya a wannan wuri, kuma dariyar tana da tushe. Kowa ya san a biki akwai abincin da ake yi don a gani, akwai wanda ake yi don a ci, kuma kowa ya san wanda cikinsa ya fi so.

Abin da ya sa waɗannan mata biyu suka riƙe fim ɗin shi ne kowacce tana da abin da take karewa. Tinuade tana kare mutuncin gidanta, ba ta san ma cewa harkar mijinta ta durƙushe ba, kuɗin da take taƙama da su sun ƙare. Obianuju tana fama da miji mai bin 'yan mata, har ɗaya daga cikinsu ta sami ƙarfin halin zuwa bikin. Taurin da take nunawa ciwo ne ta rufe da shi. Matan da suka kalli fim ɗin da yawa sun fara da jin haushinta, suka ƙare da tausayinta, don sun san irinta a cikin danginsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma fim ɗin ya gane cewa ranar biki ce ranar wankan kowane gida.

Abin da masu ƙorafi suka gani

Waɗanda fim ɗin bai burge ba su ma suna da hujja, kuma bai kamata a ce hassada ce ko son a san su ba.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na ɓarawo. Matsalolin da aka ɗauki fiye da awa ɗaya ana ƙullawa, raini tsakanin gidaje biyu, auren da ya shekara da shekaru yana ruɓewa, karayar arzikin da aka ɓoye wa mata, duk sai aka warware su cikin 'yan mintoci saboda wani ya nuna bindiga. Masu wannan ra'ayi suka ce marubutan sun rasa hanyar fita ne suka jefo ɓarawo. Ina tare da su a nan. Macen da ta raina surukarta tun safe ba ta komawa mai ƙaunarta kafin la'asar, ko da bindiga goma aka nuna mata. A rayuwa irin wannan gyara shekaru yake ci, wani lokaci sai an haifi jika.

Wasu kuma almubazzarancin ne ya tsaya musu a rai: manyan motoci, babban otal, liƙin kuɗi, a shekarar da ma'aikata a jihohi da dama ke bin bashin albashi. Wannan ƙorafi yana da nauyi, sai dai jama'ar da ake tausaya wa ɗin su ne suka fi cika sinimar. Mai fama da tsadar shinkafa bai ga laifi ba don ya sayi awa biyu na shagali. Kuma fim ɗin bai rufe ido gaba ɗaya ba, tunda uban amarya da kansa fanko ne a cikin babbar riga. Da yawa daga masu kallo sun san gidajen da aka ci bashi aka yi bikin kece raini, aka shekara ana biya.

Sai batun ƙabila. An nuna Yarabawa da hayaniya da son shagali, an nuna gidan Igbo da taƙama da dukiya. Wasu suka ce wannan tsohon zane ne da ya kamata a wuce shi. Wasu suka ce ai wasa ne irin na tsakanin maƙwabta, kuma kowane ɓangare ya sha nasa. Inda mutum ya tsaya a wannan musu yakan danganta da ko ya taɓa neman aure a wata ƙabila an hana shi. Wanda abin ya taɓa shafa ba ya dariya da sauƙi.

Muryar da ba a ji ba

Akwai wani gibi da ban cika jin 'yan kallo sun ambata ba, kuma shi ya fi damuna. A fim ɗin da aka gina kan aurenta, Dunni ce mafi ƙarancin magana mai nauyi. Uwar miji ta wulaƙanta ta, ta haɗiye. Ta tsinci abin da bai kamata ba a aljihun angonta, aka ba ta uzuri, ta karɓa. An kunyata ta a gaban ɗaruruwan baƙi, ta fita, aka bi ta da kalamai masu daɗi, ta dawo. Ba a ba ta fili ta tambayi abin da kowace mace mai hankali za ta tambaya ba: wane irin gida ne zan shiga, kuma wa zai tsaya mini idan an rufe ƙofa baƙi sun watse?

Me ya sa wannan bai dami yawancin masu kallo ba? Saboda haka muka saba gani. A bikin gaske ma amarya ita ce wadda aka fi kallo kuma aka fi ƙin saurara. An yi mata kwalliya, an zaunar da ita, iyaye da dangi suna ta fafatawa a kanta, kowa yana cewa don ita yake yi. Mai kallo da ya shigo da idon ɗan biki bai ga abin mamaki ba a shirun Dunni, don bai taɓa zuwa bikin da amarya ta yi magana ba. Ra'ayin jama'a a kan fim yakan nuna abin da suke so, amma abin da suka wuce ba su ce komai a kai ba ya fi nuna abin da suka ɗauka daidai ne.

Dariya tana son taro

Wani abin da ke raba ra'ayi shi ne inda mutum ya kalli fim ɗin. Wanda ya gan shi a sinima cikin Disambar 2016, ɗaki cike, ana tafi idan Tinuade ta yi magana, wata a baya tana ba amarya shawara da ƙarfi, ya ga wani abu daban da wanda ya kalle shi daga baya a Netflix, shi kaɗai a waya, bayan an cika masa kunne da yabo. Na biyun yakan ce: "Wannan ne abin da ake ta zuzutawa?" Fim ɗin bai canja ba, taron ne babu. Masu shi kuma sun san abin da suke yi da suka sake shi a Disamba, watan da ake hutu, 'yan ƙasashen waje suna dawowa gida, bukukuwan aure suna cin karo da juna a Legas.

Irin wannan karɓuwa ta fim ɗin biki ba a Najeriya kaɗai ta faru ba. A 2002 an saki My Big Fat Greek Wedding a Amurka, labarin wata 'yar Girkawan Chicago da ta kawo saurayin da ba Bagirke ba gidan da dangi suka yi yawa. Nia Vardalos ce ta rubuta kuma ta fito a ciki. An kashe masa kimanin dala miliyan 5, aka fara nuna shi a sinimomi kaɗan, kuma bai taɓa zama na ɗaya a jerin cinikin mako ba. Amma wanda ya gani sai ya gaya wa wani, har ya tara sama da dala miliyan 240 a Amurka kaɗai. Mutanen da ba su da alaƙa da Girka suka riƙa cewa danginsu aka kwaikwaya.

Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa kuwa sun san Hum Aapke Hain Koun na 1994, wanda Salman Khan da Madhuri Dixit suka ja. Waƙoƙi 14 ne a cikinsa, tsawonsa ya haura awa uku, kuma da ya fito wasu masu sharhi a Indiya suka yi masa ba'a cewa bidiyon biki ne kawai. Jama'a ba su musa ba, sun dai ci gaba da zuwa da iyalansu, har ya zama fim ɗin da ya fi kowane ciniki a Indiya a zamaninsa. Abin da masu sharhi suka ɗauka aibi, shi ne abin da 'yan kallo suka biya kuɗi don su gani.

Idan Bahaushe ya kalla

Mai kallo daga Kano ko Zariya ko Maraɗi yana ganin The Wedding Party da ido biyu. Da ɗaya yana ganin baƙon abu: ɗaurin aure a coci, shan giya a fili, daren sharholiyar ango, rungume-rungumen da a nan ba za a yi a gaban iyaye ba. Wasu a nan suke tsayawa, su ce fim ɗin ba na kallo da yara ba ne, kuma ra'ayinsu ne. Da ɗayan idon kuwa yana ganin gida. Gasa tsakanin dangin ango da na amarya, auna arzikin juna da ido, bashin da ake ci don kada a ji kunya, duk mun san su. Wurin da ake yin su ne ya bambanta.

A al'adarmu uwar amarya ba ta cika fitowa fili ta yi rawa a gaban surukai ba, balle idan 'yar fari ce. Kunya da kara sukan sa ta koma ɗaki, ta bar wa ƙannenta da aminanta da gwaggwannin amarya ragama. To amma rigimar da Tinuade da Obianuju suka yi a bakin ƙofar liyafa, mu ranar kawo lefe muke yin ta. A shimfiɗa tabarma, a buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya, wata ta ɗaga atamfa ta murza ta da yatsa don ta ji ko ta gaske ce, wata tana ƙirga turame a zuci, wata ta ce "Ma sha Allah, an yi ƙoƙari" da muryar da kowa ya san akwai magana a ƙarƙashinta. Su kuma masu kawowa suna jiran su ga tukwicin da za a ba su, don shi ma za a kai rahotonsa gida. Sai ranar jere, dangin ango su leƙo su ga gado da kujeru da kayan kicin. Sai gara. Kowane mataki akwai awo, akwai habaici, akwai wadda za ta koma gida da labari.

Don haka Bahaushiyar da ta yi dariya a wurin amala ta san abin da take yi wa dariya, ko da ba ta taɓa cin amala ba. Da za a yi irin wannan fim a kan bikin Hausawa da gaske, jarumar da za ta ƙwace shi ba uwar amarya ba ce. Wata gwaggo ce mai baki, wadda ke zaune kusa da akwatin lefe.

Da aka kai bikin Dubai

Nasarar fim ɗin ta sa aka yi masa na biyu cikin gaggawa. Kafin ya fito ma sai da wani abu ya ƙara wa jama'a ɗoki: Banky W da Adesua Etomi, ango da amaryar fim, suka yi aure na gaske a watan Nuwamba na 2017, aka yi na gargajiya a Legas, aka ƙarasa a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Wata guda bayan haka The Wedding Party 2 ya shiga sinima, wannan karon Niyi Akinmolayan ne ya ba da umarni. Labarin ya koma kan Nonso, ɗan'uwan Dozie, da Baturiyar Ingila ƙawar Dunni, aka kuma kwashi biki aka kai Dubai.

Ya yi ciniki sosai, shi ma ya haura naira miliyan 400, don mutane sun zo da ƙaunar na farko. Amma hirar da aka yi bayan an fito ta bambanta. An ga dogayen gine-gine da otal na alfarma, an ga kuɗi fiye da na da, sai dai da yawa sun ce wani abu ya ɓace. Abin da ya ɓace shi ne taron: 'yan cin arziki da ba a gayyata ba, masu rububin abinci, hayaniyar Legas da ke sa mai kallo ya ce ya san wannan wuri. Bikin da aka yi a inda sai mai biza da kuɗin jirgi zai je, yawancin 'yan kallo ba su taɓa halartar irinsa ba, don haka gwanintarsu ba ta da amfani a can. Aka mayar da su 'yan kallo zalla.

Duk wannan bayani mun yi shi ne muna cewa "jama'a sun so" ko "jama'a sun ƙi", kamar mun san su wane ne jama'ar. Naira miliyan 450 daga aljihun wasu mutane ta fito, a wasu garuruwa ƙalilan da ke da sinimar zamani a lokacin, yawancinsu a Legas da Abuja da Fatakwal. Waɗanda suka kalli fim ɗin a waya, bayan an tura musu a shagon caji, ba sa cikin lissafin. Babi na gaba zai bi kuɗin tikiti daga taga har zuwa aljihun mai fim, mu ga ra'ayin wa ake ƙirgawa idan an ce fim ya karɓu.